Ranar da Na Katse wa Baffana Tarho

Jama'ar wannan zaure, barkanku da hutawa. Jiya wata daga cikinku ta turo mini saƙon murya na minti goma sha ɗaya, takwas a ciki gaisuwa ce zalla. Na saurara har ƙarshe ina dariya ni kaɗai, har 'yata ta leƙo ta ce, "Mama, lafiya?" Lafiya lau. Garinmu Gure na tuna, da bazarar shekarar 1996, lokacin da aurena ya rataya a kan minti uku.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Zuwaira. A wancan lokaci shekarata ashirin da biyu, ina da takardar birbe, ta gama ƙaramar sakandare, a cikin akwati, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina. Tafiyata ma daban ce. Takalmi mai ɗan tsini nake sawa a garin da rairayi ke haɗiye ƙafa har idon sawu, ina nitsewa ina fitowa, amma ban taɓa yarda na koma silifa ba.

Ku da kuka tashi da salula a tafin hannu ba za ku gane ba. Tarho a lokacinmu yana gidan waya ne da gidajen manyan 'yan kasuwa biyu ko uku, kuma kira guda zuwa nesa sai ya cinye abin da mai lambu ya samu a kasuwa biyu. Shi ya sa mutanen ƙauye kaset suke yi. A zauna a yi magana a cikin rediyo, a naɗe kaset ɗin a tsumma, a ba direban kamyo, babbar motar kaya, ya isa bayan sati uku in Allah ya so.

Sai wani furoje, irin shirin taimakon nan, ya zo ya kama ɗaki guda a bakin kasuwa, ya ja layin tarho. Aka raba wa talakawan gari da mutanen ƙauyuka kati shuɗi. Mai kati yana da kira ɗaya a wata, ranar kasuwa, minti uku. Ya ba da dala ashirin, furoje ya cika sauran. Doka uku mutumin da ya zo daga Yamai ya kafa mini ranar da ya ɗauke ni aiki: ba a aron kati, ba a ƙara minti, ma'aikaci ba shi da kati. Ya ce ranar da aka ji an fifita wani, za a kwashe tarhon a kai wani gari, garuruwan da ke jira suna da yawa.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin ɗakin nan. Benci biyu, tabarmar kaba, tulu a lungu da moɗa a kai, tarho mai ruwan toka wanda ake juya lambobinsa da yatsa, sai agogon murɗawa ja, mai siffar tumatir. Ka murɗa shi zuwa uku, ya yi ta tik-tik, in lokaci ya cika ya fashe da ƙara, ni kuma in danna yatsa in katse. Mata suka sa masa suna Tumatir. Ni kuwa suka sa mini Madam Kupe, wato mai katsewa. Tumatir ɗin yana nan a madafata har gobe, da shi nake dafa ƙwai.

Matsalar mutanenmu guda ce: gaisuwa. Mutum zai taso daga Bune tun asuba a kan jaki, ya yi awa biyu a layi, a miƙa masa tarho, sai ya fara: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina zafi, ina garin, wushe, wushe. Na can ma ya mayar masa ɗaya bayan ɗaya. Kafin a iso ga abin da ya kawo shi, Tumatir ya yi kuka. Na ga ƙato yana hawaye a kan haka. Sai na samo kwali na rubuta da manyan baƙi, MAGANA GABA, GAISUWA BAYA, na kafa a bango, ina karanta wa kowa kafin ya ɗauka. Dattawa suka ce ai ga abin da lakwal, makarantar boko, ke haifarwa ke nan.

Wadda ta fi kowa jin haushina ita ce Iya Yabawa, wata tsohuwa 'yar Bune mai sayar da kanwa. Ɗanta Umara yana aiki a Arlit. Ranar farko ta zo ta gaya masa matarsa ta haihu, ta gaishe shi, ta gaida maƙwabtansa, ta gaida mai shagon da ake kiransa a can, Tumatir ya yi ƙara, na katse. Ta ajiye tarhon a hankali ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar gidan wa ce?"

"'Yar marigayi Malam Ibram."

"Allah ya jiƙansa. Bai bar baya mai kunya ba."

Wata ya zagayo ta dawo. Ana ɗauka ta ƙwala, "Umara! Matarka ta haihu, namiji, an yi suna, kunnuwanka ya ɗauko! To, ina kwana?" Ta koyi darasin, amma tun daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwata ba.

Yanzu bari in kawo ku gida.

Tahiru mushe ne, wato malami, a lakwal ɗin unguwarmu, dogo, mai riga biyu kacal, fara da ruwan ƙasa, kullum a goge kamar daga shago. Shekara biyu muna tare. Shamsu kuwa ɗan wani babban ɗan kasuwa ne daga Damagaram, mai shagon yadi, shi ma yana nemana, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yaron kirki ne. Duk Juma'a sai an kawo wa Hajja, mahaifiyata, turmin atamfa ko sabulu mai ƙamshi. Hajja ba ta taɓa ce mini dole ba. Abin da take yi ya fi dole ciwo. Za ta zauna a tsakar gida tana tsince dabino, hayaƙin turaren wuta na tashi daga kasko, ta yi ajiyar zuciya da ƙarfi don in ji.

"Gidan su Shamsu tarho a ɗaki yake," in ji ta. "Ba layi, ba Tumatir."

"Hajja, ni ba tarho zan aura ba."

"To alli za ki aura? Shekara biyu, Zuwaira. Ko goro guda ba mu gani ba. Ƙawayenki na goyon na biyu."

Gaskiyarta ce, amma ba laifin Tahiru ba ne. Tun rasuwar mahaifina, aurena yana hannun wansa, Baffa Garbai, makanike a Arlit. Dangin Tahiru suka aika wasiƙa, shiru. Suka aika kaset, sai ga amsa ta dawo, a kaset ita ma. Muka zauna muka kunna.

"Ba a neman 'yar Ibram a kaset kamar waƙar biki," in ji muryar Baffa. "Babba ya yi mini magana, in ji muryarsa, in mayar masa a take. Kuma ni ba zan kira kowa ba. Mai nema shi ke kira."

Babban Tahiru ɗaya ne a duniya, wan mahaifinsa, Baba Manzo, mai lambun dabino da rogo a wani kwari can bayan Gidigir. Zuwa Arlit ya fi ƙarfin tsufansa, ya fi ƙarfin aljihun mushe. Amma yana da kati shuɗi.

A nan bakina ya jawo mini. Wata ranar da Hajja ta dame ni da ajiyar zuciya, na miƙe tsaye na ce, "Shi ke nan. In Babbar Sallah ta zo Baffa bai ji muryar babbansu ba, da bakina zan ce wa su Shamsu su kawo goro." Hajja ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kin faɗa." Na ce, "Na faɗa." Ku da kuka san ni kun san ban iya lashe abin da na tofar ba.

Sau biyu Baba Manzo yana zuwa a kan raƙumin aro, sau biyu layin yana mutuwa. Na farko iska ta kayar da turken waya a hanyar Damagaram. Na biyu ban ma san dalili ba, na ɗaga tarho na ji shiru kamar rijiya. Sau biyu ke nan Baffa yana barin garejinsa ya je shagon maƙwabcinsa, inda ake kiran mutanen yankinmu, ya zauna ya tashi a banza. Sati biyar na yi ina zuwa ɗakin nan ina share ƙura, ina ba mutane haƙuri, in koma gida in tarar da sabon sabulu. Na rame har zanena na zagaye ni ya yi saura. Ban yi kuka a gaban kowa ba. A bayan tulu nake yi, in wanke fuska da moɗa in fito.

Layin ya dawo ana saura kasuwa ɗaya kafin Sallah. Ta bakin wani da ya kira Arlit da safe na aika wa mai shago cewa Baffa ya zauna ƙarfe goma sha ɗaya.

Ranar na sa lafayata mai ruwan zuma, wadda nake ajiye wa biki, na shafa humra, na zizara kwalli. Zafi kamar a cikin tanda. Layi ya fita ƙofa ya zagaya har rumfar masu kanwa, don kowa yana son ya ji nasa kafin Sallah. Tahiru ya tsaya ta taga, ya miƙo mini 'yar takarda da ya yago daga littafin 'yan makaranta, da jan biro:

"Sau bakwai na koya wa Baba a hanya, magana gaba. Ya ce to. Wannan to ɗin bai kwanta mini ba."

Na juya bayanta na rubuta: "Ka sake koya masa."

Ta dawo: "Na sake. Ya ce shi ba mai karɓar haraji ba ne da zai faɗa wa mutum babu sallama."

Ni kuwa ba dama in yi wa Baba Manzo magana, surukina ne, ko ido ba na iya haɗawa da shi. Abin da na iya kawai, da layi ya iso kansa, na karanta kwalin bango da ƙarfi fiye da kullum, ina kallon rufin ɗaki. Bayansa a kan benci Iya Yabawa ce zaune da katinta a ƙulle a bakin mayafi, ta taɓe baki. Sai kuma na hango Hajja a bakin ƙofa da kwando, wai kanwa ta zo saya. Mu da ke da buhun kanwa a gida.

Baba Manzo ya tuɓe takalmansa a bakin tabarma. Ɗan tsamurmurin tsoho ne, da farin rawani da babbar riga shuɗiya wadda ninkin akwati bai sake ta ba. Na juya lambobin, kira ya shiga, mai shago ya ce ga Malam Garbai. Na miƙa, na murɗa Tumatir. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa a ƙasa kamar Baffa na gabansa.

"Salamu alaikum. Malam Garbai? Manzo ne. Ina wuni? Ina gajiya? Ina iyali?"

Muryar Baffa babba ce, duk ɗakin ana jinta. "Lafiya lau. Ina taku gajiyar? Ya hanya? Ya mutanen kwari?"

Tik-tik-tik. A raina na ce, to, minti ɗaya na gaisuwa ba laifi.

"Ya zafin nan? Ya aiki? Ya baƙunta a ƙasar mutane?"

"Alhamdu lillahi. Ya dabino, ya yi 'ya'ya bana? Ya ruwan rijiya? Ya bisashe?"

Baba Manzo ya gyara durƙuso ya fara ba da labarin awaki. Na dubi taga, Tahiru ya dafe kai da hannu biyu. Minti biyu. Na yi gyaran murya. Na sake yi. Na matsar da Tumatir kusa da kunnen tsohon har ya kusa taɓa rawaninsa. Ya ɗago hannu ya yi mini alamar in yi haƙuri.

Sai muryarsa ta sauka. "Malam Garbai, ban samu na zo gaisuwar ɗan'uwanka Ibram ba. Shekara huɗu abin na raina. Ya taɓa kwana a lambuna, ya yi mana limanci. Ba zan buɗe baki a kan abin da ya bari ba sai na yi maka ta'aziyya. Ya haƙuri?"

Da Baffa ya yi magana, muryarsa na rawa. "Haƙuri sai ma'abocinsa. Mu yi masa Fatiha."

Duk ɗakin aka ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga, ido ɗaya a kan Tumatir, hawaye na gangarowa yana kwashe kwallin da na ɓata lokaci a kansa. Ta ina zan ji haushin mutumin da ke yi wa ubana addu'a? Aka shafa.

"To, Malam Garbai," in ji Baba Manzo, "abin da ke tafe da ni..."

Tumatir ya fashe da ƙara.

Wallahi ban taɓa jin ƙararsa da tsawo haka ba. Kowa ya juyo yana kallon yatsata. Mutum sama da arba'in, kuma babu wanda ban taɓa katsewa ba a cikinsu. Akwai wanda na katse yana tambayar jikin uwarsa. Akwai wadda na katse tana roƙon mijinta ya dawo. Sai na ji murya daga bakin ƙofa, muryar Hajja, Hajjar sabulu da atamfa:

"Ke Zuwaira! Bar shi ya ƙarasa mana!"

Ku ce girman kai ne, ban musa ba. Amma na san in na ƙara wa kaina ko numfashi guda, kafin la'asar labari ya gama kasuwa, kafin wata ya kai Yamai. Kuma ko ba a kwashe tarhon ba, da wane ido zan sake duban waɗannan mutane?

Na danna.

"Alo?" in ji Baba Manzo. "Alo? Ya shiga gida ne?" Ya dubi tarhon, ya dube ni, sai ya gane. Ya miƙo mini da hannu biyu yadda ya karɓa. Da na waiga taga, Tahiru ya juya baya.

Na mayar da tarhon wurinsa na ce, "Na gaba."

Iya Yabawa ta taso tana kwance bakin mayafi. Ta dangwara katinta da dala ashirin a kan tebur.

"Arlit. Shagon nan dai."

Na juya lambobin, na murɗa Tumatir. Mai shago ya ɗauka ya ce, "Iya ce? Ga Umara nan tun safe yana..."

"Ba Umara nake so ba. Tsohon da aka katse wa yanzu, kamo shi kafin ya fita. Yi sauri, ba ni da lokaci!"

Aka yi 'yar hayaniya, sai ga Baffa yana huci. "Wane mara mutuncin ne ya..."

"Kai ne Garbai? Ni Yabawa ce daga Bune. Manzo na nema wa ɗansa Tahiru auren Zuwaira. Ka ba su ko ba ka ba su ba?"

Wani a layi ya ce, "La ilaha illallahu!" Wata ta toshe baki da mayafi.

"Wace irin mace ce wannan?" in ji Baffa. "Ko sallama babu? Kuma tun yaushe mata ke neman aure?"

"Sallamar na nan tafe a kaset. 'Yarka ce ta koya mini, ga shi can ta rubuta a bango. Muryar babba ka ce kana so, ko? Tsaya." Ta sunkuya ta kara tarhon a bakin Baba Manzo ba tare da ta saki ba. "Ce haka ne. Kada ka ƙara komai."

"Haka ne, Malam Garbai, muna nema. Ina gaj..."

Ta fizge. Doka ta ce ba a aron kati. Kati nata ne, hannu nata ne, ni kuwa a daidai lokacin bango nake kallo.

Daga can nesa, bayan muryar Baffa, ana jin wani yana kira, "Iya! Iya, ya yaron?" Na ga leɓen tsohuwar ya motsa. Ta fi wata guda tana jiran wannan murya, saboda sati biyar na mutuwar layi. Ta runtse ido ta ce, "A ce wa Umara yaro na rarrafe. Sai wata mai zuwa. Garbai, ina jinka."

"Wa ke riƙe da agogon nan?" in ji Baffa. "Ba ni shi."

Ta manna mini tarhon a kunne. Saura ƙasa da rabin minti.

"Baffa, ni ce. Ina wu..."

"Riƙe gaisuwarki. Ke kika katse ni?"

"Ni ce."

"Kin san maganar aurenki ake?"

"Na sani, Baffa."

Sai na ji wata 'yar dariya ta hanci, irin ta mahaifina sak.

"Taurin kan Ibram, ba ki bar ko kaɗan ba. Ki gaya wa Manzo na ba su."

Hajja ce ta fara rangaɗa guɗa, kwandonta ya faɗi ƙasa. Tahiru ya kama ƙarfen taga kamar zai ɓalle shi.

"Amma ki saurara da kyau," in ji Baffa, ya ɗaga murya saman guɗar. "Akwai sharaɗi guda, kuma in ba a cika shi kafin Sallah ba, na janye. Ki ce wa yaron nan..."

Tumatir ya fashe da ƙara.

Guɗa ta tsaya cak. Ido ya sake dawowa kan yatsata. Na dubi Hajja, na dubi Tahiru, na dubi Iya Yabawa wadda ta ba ni kiran ɗanta na wata guda. Ta ɗaga mini gira.

Na danna.

"Yawwa," in ji tsohuwar, tana ƙulle katinta. "Da kin ƙara masa, da yau kasuwa ta ji mu." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Ina wuni, 'yar Ibram?"

Na juya ga na gaba a layi, wani mai jar hula, ban san da wane irin ido na dube shi ba. Ya rungume katinsa a ƙirji ya ja baya.

"Kada ki kalle ni, Madam Kupe. Ni Maiduguri zan kira."

Saura kwana huɗu Sallah, babu sauran ranar kasuwa, an ba ni miji a kan sharaɗin da duk Gure ba wanda ya ji shi. Na share kwallin da ya zubo mini da bakin lafaya, na murɗa Tumatir zuwa uku, na ce masa, "Kawo lambar."